Auna fili da jirgi mara matuƙi

Malam, ka tambaya ko ƙaramin jirgi mara matuƙi ya isa ka fara sana'ar zana taswirar filaye. Hotuna zai ɗauko maka, amma daidaiton awo a ƙasa ake samunsa. Kafin ya tashi, shimfiɗa alamomi masu baƙi da fari a kusurwoyin filin da tsakiyarsa, ka ɗauki lambobin da ke nuna ainihin wurin kowace alama da GPS irin na safiyo. In ba haka ba, iyaka tana iya gocewa da mitoci, ka haɗa maƙwabta rigima. Kowane hoto ya hau kan na bayansa da kamar kashi 75 cikin 100, sannan manhajar kwamfuta irin Pix4D ko WebODM ta ɗinke hotunan su zama taswira ɗaya. Ranar hazo kuwa, haƙura.

A Najeriya ba a tashin jirgin sai da izinin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma taswirar mallakar fili sai safiyo mai rajistar SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista, ya sa hannu.