Amsa ga mai cikin da aka ga matsala a zuciyar ɗan tayinta

Ƴar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Kin ce hoton ekografi ya nuna zuciyar yaron ba ta ginu daidai ba, kina tambaya ko ƙwaƙwalwarsa za ta taɓu.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da irin wannan, kuma da yawansu ƙaramar ɓula ce da kan toshe da kanta. Inda ciwon ya yi tsanani ne jinin da ke zuwa kai kan rasa isasshiyar iska, sai girman ƙwaƙwalwa ya ɗan yi jinkiri. Kada ki zargi kanki, zuciya kan ginu tun makonni 8 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauki ciki ba.

Abin da na fi so ki kula da shi mabiyiya ce. Ta nan yaro ke samun iska da abinci, kuma a irin wannan ciki sau da yawa ita ma takan zo da rauni. A nan Damagaram babban abin da ke ƙara raunana ta shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina, don ƙwayoyin cutar kan taru a cikinta. Sai ƙarancin jini, hawan jini da ciwon suga. Ki kwana cikin sange, ki sha Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin da ake bayarwa wurin awo daga wata na 4, da ƙwayoyin ƙarin jini kullum.

Haihuwa kuwa, don Allah ba a gida ba. Ku shirya da maigida tun yanzu, a babban asibiti inda likitan yara zai duba shi da zarar ya faɗo.