Inshorar kamfani ko rajistar CNSS? Amsoshin wasiƙun masu ɗaukar ma'aikata a Yamai

Daga wani mai garejin walda, kusa da kasuwar Katako: Assalamu alaikum. Ina da yara shida da nake biya a wata, muna ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Watan jiya wani jami'in CNSS ya zo ya ƙidaya su, ya bar mini takarda wai in je in yi rajista. Satin nan kuma dillalin wani kamfanin inshora ya kawo mini tayin inshorar haɗari ta shekara ga yaran duka, da na buga lissafi na ga tasa ta fi araha nesa ba kusa ba. In na sayi tasa, ba shi ke nan ba? Ni dai tun da na buɗe garejin nan, yaro bai taɓa jin ciwo na ƙi kai shi likita da kuɗina ba.

Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A'a, ba shi ke nan ba. Abubuwan nan biyu ba kishiyoyi ba ne da za ka saki ɗaya ka riƙe ɗaya. Ta dillali ganin dama ce, ta CNSS kuwa, wato asusun ƙasa na kula da ma'aikata da ake kira Kes, dole ce. A Nijar doka ta ɗora biyan diyyar haɗarin aiki a kan wannan asusu, wanda aka kafa tun 1965, kuma duk wanda ya ɗauki mutum aiki yana ba shi umarni yana biyansa albashi, wajibi ne ya yi wa kansa rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, ya kuma yi wa ma'aikacin. Ko da ka cika akwati da takardun kamfanin inshora, ranar da jami'in ya dawo lambarka ta CNSS zai tambaya.

Bari mu yi lissafin a fili, domin tsoron da mutane ke yi wa Kes rabinsa rashin lissafi ne. Kason mai gida kashi 16,40 ne cikin 100 na albashi: 8,40 na kuɗin iyali, 6,25 na fansho, 1,75 na haɗarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa. Shi kuma ma'aikaci ana cire masa 5,25 na fanshonsa. Akwai ɗan ƙaramin kaso na hukumar samar da aikin yi ta ANPE da ake haɗawa a biya tare. Ɗauki yaron da kake ba jika 60 a wata. Naka zubin sefa 9.840 ne, nasa 3.150. Cikin 9.840 ɗin nan, abin da ya shafi haɗari 1.050 ne kacal. In duka shidan albashinsu ɗaya ne, za ka fitar da 59.040 a wata daga aljihunka. Tunda ma'aikatanka ba su kai 20 ba, kowane wata uku za ka riƙa biya, wato naka kason 177.120 a zubi ɗaya. Manyan ma'aikatu su ne masu biya wata-wata.

Na san abin da ke ranka: to a bar ni in biya 1,75 ɗin kawai mana. Ba a raba su. Nan ne ma arahar dillali ta fito, domin shi haɗari kaɗai yake sayar maka, babu fansho, babu kuɗin iyali, kuma haɗarin ma da iyaka. Karanta takardarsa da kyau, za ka tarar an rubuta wani adadi da kamfanin ba zai wuce ba in an mutu ko an naƙasa, da wani adadin na magani. Da an biya wannan, magana ta ƙare.

CNSS ba haka take ba. In yaro ya ji rauni a bakin aiki, ita ke ɗaukar kuɗin magani. Kwanakin da ya yi a kwance tana ba shi rabin albashinsa na yini har kwana 28, daga nan ya koma kashi biyu cikin uku har ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. In ya bar masa naƙasa, likita ke auna girmanta: ƙarama a biya shi dunƙule sau ɗaya, babba a yanka masa kuɗin da zai riƙa karɓa tsawon ransa. In ta Allah ta kasance, matarsa na samun kashi 30 cikin 100 na albashin da aka yi lissafi a kai, in mata biyu ne ko uku su raba, marayu kuma da nasu kason.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da alherinka ba zai iya ba, Alhaji, kuma ba raini ba ne. Na yarda kana kai su likita. Ƙuna a hannu, tartsatsi a ido, ɗinki uku a ƙafa, duk aljihunka zai ɗauka. Amma garejin walda wuri ne na wuta da tukunyar gas da injin yankan ƙarfe. Ranar da faifan injin ya fashe ya tafi da idon yaro ɗan shekara 25, ba maganar kuɗin ordonans ake ba, maganar ciyar da gida ce shekara talatin ko fiye. Kai kanka ba ka da tabbacin garejin zai kai haka, magadanka kuma ba su yi wa kowa alkawari ba.

Sai batun takardar da aka bar maka. Kada ka jefa ta cikin durowa. Masu binciken CNSS suna da ikon shiga wurin aiki su nemi littafin biyan albashi. In ka yi shiru, abin da ke biyo baya takardar gargaɗi ce mai wa'adi, bayanta kuma takardar tilasta biya, wadda ake iya zartarwa kamar hukuncin kotu. Ana bin bashin watannin baya, ana ɗora tarar jinkiri. Wanda ba shi da littafin biya ya fi shan wuya, domin sai a ƙiyasta masa, kuma ƙiyasin wani ba ya yi maka daɗi. Mafi muni shi ne haɗari ya faru kana ba rajista: ɗawainiyar da asusun zai ɗauka tana iya juyowa kanka gaba ɗaya, ga sufeton aiki, ga kotun ma'aikata.

Shawarata, ka tafi da ƙafarka kafin wa'adi ya cika. Ka riƙe takardar rajistar kasuwancinka da lambar haraji ta NIF, da takardun haihuwa ko katin ɗan ƙasa na yaran. In garejin bai da takardun kansa tukuna, fara da Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, can ake haɗa su wuri ɗaya. In sun lissafa maka bashin baya ya yi maka nauyi, rubuta takarda ka nemi a yanka maka shi kashi-kashi. Wanda ya kawo kansa ana sauraronsa fiye da wanda aka kamo. Ka kuma karɓi takardar ƙa'idojin zubi a hannunsu ka ajiye. Kada ka manta da ƴan aparanti, dokar haɗarin aiki ta haɗa da su, kuma su ne suka fi jin ciwo saboda hannunsu bai faɗa ba.

Abu ɗaya da masu sana'a irin taka ke mancewa: duk ranar da ka so neman kwangilar gwamnati ko ta wata babbar ƙungiya, a ce ƙofofin makaranta ko teburan aji, cikin takardun da ake nema akwai shaidar cewa ba ka da bashin CNSS. Da yawa sun rasa aiki a kan wannan ƴar takarda, ba a kan farashi ba.

Shi kuma dillali kada ka kore shi, akwai abin da ya kamata ka saya a wurinsa. Kai mai gida ba ma'aikacin kanka ba ne, zubin yara bai rufe ka ba, don haka inshorar haɗari ta kanka tana da amfani. Haka inshorar gobara, da ta ɓarnar da aikinka zai iya yi wa maƙwabci ko mai wucewa. Amma bayan ka gama da Kes, ba kafin ba.

Daga wata Hajiya mai gini a bayan Lazare: Zan ɗora bene a kan gidana. Magina biyu sun kawo farashi. Na farko ɗan kwangila ne mai ofis da takardu, na biyu ƙanen maƙwabcina ne, ya rage mini sama da miliyan guda, amma ya ce lebura ni zan riƙa biya kullum da yamma. Wanne zan ɗauka?

Hajiya, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya. Kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarki ita ce "ni zan riƙa biya". Wanda ya ɗauki mutum, yake sa shi yake hana shi, yake miƙa masa kuɗi da yamma, shi ake kallo a matsayin mai gidansa. In lebura ya faɗo daga kan katakon bene ya karya baya, danginsa ba za su nemi ƙanen maƙwabci ba, wanda watakila babur ɗaya ya mallaka. Ƙofarki za su ƙwanƙwasa, kuma da hujjarsu.

Ban ce lallai ki ɗauki mai ofis ba. Ofis da tambari ba su ne shaida ba. Akwai masu takardun da rabonsu da zubi an jima, akwai masu rajistar mutum biyu suna aiki da ashirin. Ki ce ya nuna miki lambarsa ta mai ɗaukar ma'aikata da takardar shaidar biya ta kwanan nan, ki duba kwanan wata da idonki. A rubuta cikin yarjejeniya cewa shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyansu, shi ke da alhakin rajistarsu da kayan kariya. In na biyun ya yarda da waɗannan sharuɗɗa ya je ya yi rajista, ba laifi ki ba shi, sai dai za ki ga ragin nan ya tsuke, domin wani ɓangarensa dama kuɗin da ba a zuba wa lebura ba ne. Da ginin ƙasa ne mai ɗaki biyu da na sassauta murya. Bene ne.

Daga wani direban kamfani, Talaje: Ina kan babur zan tafi aiki da safe mota ta buge ni, ƙafata ta karye. Patoro ya ce ba a wurin aiki ba ne, ba ruwansa. Ga shi kowane wata ana cire mini kuɗin CNSS a takardar albashi amma ban taɓa ganin lambata ba.

Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Mai gidanka bai faɗi daidai ba. Haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida ana lissafa shi cikin haɗarin aiki, muddin bai ratse hanya don wata sabgar kansa ba. Doka ta ba mai gida awa 48 ya kai sanarwa. In ya ƙi, kai ko wani naka kuna iya kai ta da kanku, saboda haka kada ka zauna jiran ya huce.

Tara takardunka tun yau: shaidar likitan da ya fara duba ka, takardar ƴan sanda in sun zo wurin, rasiɗan magani, sunayen waɗanda suka gani, da duk takardun albashin da ke nuna an cire maka kuɗi. Waɗannan na ƙarshen su ne makaminka, kada ka ba kowa na asali, ka yi musu fotokofi. Aika wani ofishin CNSS da katinka a duba ko sunanka na ciki. In babu, to an cire maka kuɗi an riƙe, kuma wannan laifi ne dabam, ya fi rashin rajista nauyi. Daga nan sai ofishin sufeton aiki. Shi zai kira ku sulhu bisa dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012, in sulhu ya ƙi a tura ku kotun ma'aikata, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Kada ka sa hannu a kan wata takardar "mun daidaita" a gadon jinya saboda an miƙo maka jika 50, alhali likita bai faɗi yadda ƙafar za ta ƙare ba. Mai motar da ya buge ka shi ma inshorar motarsa na da abin biya, kada a bar wannan ya bi ruwa.

Daga wani ma'aikacin banki, Kwara Kano: Maigadi ɗaya ne da ni da mai dafa abinci. Su ma sai an yi musu?

Sai an yi musu, Malam. Aikin gida aiki ne a wurin doka. Ba a lissafa zubi ƙasa da mafi ƙanƙantar albashi, wanda ya tashi daga sefa 30.047 ya koma 42.000 tun watan Janairun 2024. A kan 42.000 naka kason 6.888 ne a wata ga mutum ɗaya, nasa 2.205. In maigadin daga kamfanin gadi ka ɗauko shi, kamfanin ne mai gidansa, kai dai ka nemi su nuna maka lambarsa kafin ka sabunta kwangila. Mai dafa abinci kuwa taka ce, kuma ita ke tsaye gaban tukunyar gas safe da yamma, don haka da ita za ka fara.