Filin Tambaya da Amsa: Tsohuwar BMW a Zafin Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi BMW 325i mai ƙofa biyu, ƙirar E36 ta 1994, 'yar Kwatano, ina taɓa ta da kaina ran Asabar da Lahadi. A kan hanyar Katsina allurar zafi tana tsaye a tsakiya, amma da na shiga cunkoso cikin gari sai ta fara hawa. Bakanike ya ce a cire tamostat a huta. In cire? — Mai karatu daga Daura

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka cire. Zafin da ke hawa a cunkoso ya sauka a kan titi, fanka yake nunawa, ba tamostat ba. A guje iska ce ke ratsa lagireto da kanta. A tsaye kuwa sai abin da fanka ta jawo. Fankar wannan injin, M50 mai silinda 6, tana kan wani kuloci mai ruwan silikon a ciki, wanda ke kamawa idan ya ji zafi. Ka kashe mota tana da zafi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, kulocin ya mutu. Notinsa na sufana 32 ne, kuma haƙorinsa na hagu ne, wato ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna ake kwance shi. Da yawa a nan suke ɓata shi.

Shi tamostat aiki biyu yake yi. Yana buɗe wa ruwa hanyar lagireto, yana kuma toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin. In babu shi, wani ruwan zai riƙa kewaya ba tare da ya huce ba. Da sanyin safiyar hunturu kuma injin ba zai kai zafin aikinsa da wuri ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke mai daga bangon silinda.

Tunda motar ta haura shekara 30, shawararmu ita ce a canza kayan sanyaya gaba ɗaya a Asabar guda: famfon ruwa, tamostat da gidansa, kulocin fanka, tiyo na sama da na ƙasa, fanbel, da murfin tanki. Famfon asali farfelarsa ta roba ce, takan tsage ta daina tura ruwa alhali daga waje lafiya lau. Nemi mai farfelar ƙarfe. Noti 4 ke riƙe da shi, kuma akwai ramuka 2 a gefensa da ake ɗaura ƙusoshin M6 su turo shi waje. Kada a sa masa guduma. Duba wuyan lagireto ma, roba ce. In ta koma ruwan ƙasa-ƙasa tana gab da karyewa. Abin da ba a samu a Katsina ba, a neme shi Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu don gwadawa.

Ruwan da take ci ya kai lita 10 da rabi. Haɗa rabi ruwan sanyaya injin, rabi tataccen ruwa irin na batir, wanda ba asid a ciki. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gasari a cikin lagireto, suna cin alminiyom. Wajen zubawa, ɗaga gaban motar, murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, kai hita ƙarshen zafi, kwance ƙaramin sukurun fitar da iska da ke kusa da bakin tanki, ka zuba a hankali har ruwa ya fito babu kumfa. Iskar da ta maƙale ita ke sa sabon aiki ya tafasa. Kuma in allura ta taɓa ja, tsaya nan take: kan injin nan alminiyom ne, tafasa ɗaya kan lanƙwasa shi ko ta tsaga shi.

Tambaya: Tawa 328i ce. Ina so in sauke ta ƙasa, in sa rim 18, matatar iska mai tsini, da salansa mai ƙara. Da wanne zan fara? — Wani matashi daga Ƙofar Kaura, Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, fara da robobin ƙafa. Bushin hannun gaba, bushin hannun baya, da mazaunin shakazoba na baya su ne ke fara mutuwa a E36. Alamarsu rawar sitiyari idan an taka birki, da bayan mota na karkata idan an ba ta wuta. Sabon sifirin a kan mataccen bushi asarar kuɗi ce. Bayan su sai man birki DOT 4, wanda ake canzawa duk shekara 2 don yana shan damshi.

Saukewa kada ta wuce milimita 30, kuma sifirin da shakazoba a saye su tare. Yanke sifirin da injin walda haɗari ne tsagwaronsa. Da tudun rage gudu da ramukan damina, mota mai ƙasa sosai kaskon mai take bayarwa. Rim 17 da taya 225/45 ya fi 18 dacewa da hanyoyinmu, don akwai sauran nama a gefen tayar.

Matatar mai tsini ba mu goyi bayanta ba. Iskar cikin bonet mai zafi take zuƙa, ƙurar hunturu tana ratsa ta, man da ake shafa mata kuma yana ɓata na'urar auna iska. Akwatin asali da matatar takarda ya fi, a duba ta duk wata daga Disamba zuwa Fabrairu. Salansa ƙara za ta ba ka, ƙarfin da za ta ƙara ba za ka ji shi ba; ka kuma tuna da maƙwabta lokacin asuba.

Tambaya: Motar tana kwana 6 a ajiye. Yaushe zan yi juyen mai? — Mai karatu daga Katsina

Amsa: Duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. In E36 ce 325i ko 328i irin na sama, lita 6 da rabi take ci tare da filta, 10W-40 ko 15W-40. Tayar da ita minti 5 a gareji ba ya ƙone damshin cikin mai; fita da ita tafiyar rabin awa. Batirinta yana cikin but, ka cire wayar (-) in za ta wuce mako 2 a ajiye.