Tukunyata Ta Tsage, Sharhina Kuma An Maido Mini

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sakandare. A wannan zangon an sa mu ginin tukwane. Na gina biyu, ɗaya ta tsage a gindi tun tana bushewa, ɗayar ta fashe a wuta. Malamin adabi kuma ya maido mini da sharhin da na rubuta a kan labarin da muka karanta, wai ba nazari na yi ba, labarin na sake ba shi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Tukunyar da ta tsage da wadda ta fashe ba ciwo ɗaya ya kashe su ba.

Yumɓu yana tsukewa idan ruwa yana fita daga jikinsa, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari kafin ya ga wuta. Baki yana shan iska ta ko'ina, shi ke riga bushewa. Gindi kuwa yana zaune a kan katako, ga kauri, ga ruwan da ya gangara masa lokacin gini. Sama ta tsuke, ƙasa ba ta tsuke ba, sai tsaga. Don haka ki daidaita kaurin jiki da na gindi, kada ya wuce santimita 1. Ki danne gindin sosai da yatsu, ki tsane ruwan da ya kwanta ciki da soso. Ki lulluɓe ta da leda sakwa-sakwa a inuwa kwana 2 ko 3, idan bakin ya yi ƙarfin ɗaukar nauyi ki kifa ta. Rana da iska mai kaɗawa ba masoyanta ba ne a wannan lokaci.

Tun kafin gini ma akwai aiki. Ki jiƙa yumɓun, ki tace shi da rariya don fitar da tsakuwa da saiwoyi. Ki daka tsingaro, ki tankaɗe, ki zuba awo 1 a cikin awo 4 na yumɓu. Tsingaro ya riga ya gasu, ba ya ƙara tsukewa, kuma yana buɗe wa tururi hanya. Sai ki kwaɓa, ki yi ta dannawa kina naɗewa har laushin ya zama ɗaya. Ki mulmula ɗan siriri mai kaurin fensir, ki naɗa a yatsa: in ya kakkarye, yashi ya yi yawa. Wurin liƙa hannu ko kunne, ki karce fuskokin biyu, ki shafa ruwan yumɓu mai kauri, kuma su zama danshinsu ɗaya ne.

Fashewa a wuta kuwa ruwa ne ke kawo ta. Ana yawan ɗora laifin a kan iskar da ta maƙale, amma babban mai laifi shi ne danshi. A digiri 100 na Salshiyas ruwa ke zama tururi, in bai sami mafita da wuri ba sai ya tarwatsa jikin. Ki ba tukunya mako 1 zuwa 2 tana bushewa. Ki kara gindinta a kumatu: in kin ji sanyi, da sauranta. Ranar gashi ki ajiye ta gefen wuta awa 1 ko 2 kina jujjuyawa, sannan a ƙara itace sannu a hankali. Akwai wani siratsi a digiri 573, inda ƙwayoyin yashi ke kumbura farat ɗaya, su koma idan ana hucewa. Saboda haka kada a zaro ta da zafi, a bar ta ta huce cikin toka. Wadda ta gasu lafiya, in kin ƙwanƙwasa za ki ji amo garau. (Ƙurar busasshen yumɓu tana cutar da huhu, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share.)

Batun sharhi, gaskiyar malaminki ce in shafinki cike yake da "sai ya tafi, sai ta ce". Ya san labarin. Ki taƙaita shi cikin jimla 3 kacal. Daga nan ki faɗi jigon a cikakkiyar jimla. "Haƙuri" kalma ce kawai, amma "haƙurin tauraruwar shi ya ba azzalumin damar ci gaba" magana ce da za a iya musantawa, ita ake nema. Ki kawo wurare 2 ko 3 daga littafin da lambar shafinsu, kowanne ki bayyana yadda ya tabbatar da maganarki. Wajen salo, kada ki tsaya a "marubucin ya yi amfani da kamantawa". Me ya kamanta da me, kuma me hakan ya sa mai karatu ya ji game da tauraron? In akwai wurin da ya saɓa wa ra'ayinki, ki kawo shi ki ba shi amsa, nan ne maki ke ɓoye.

In an nemi rahoton aikin tukunyar ma, ki rubuta awon haɗin, kaurin jiki, kwanakin bushewa da inda tsagar ta bi. Ki ja layin santimita 10 a kan ɗan fallen yumɓu ɗanye, ki sake aunawa bayan ya bushe. In ya koma 9.3, yumɓunki ya tsuke da kashi 7 cikin ɗari ke nan.