Tambayoyinku da Amsoshinmu: Wuƙar Aljihu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wuƙar aljihu mai naɗewa da nake yanka igiya da kwali da ita a shago. Duk mako sai na kai ta wurin mai wasa wuƙa na bakin kasuwa, amma kwana biyu ta dakushe, ruwanta kuma sai sirancewa yake. Ko jabu aka sayar mini? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da wuya laifin wuƙar ne, dutsen injin mai wasa wuƙar ne yake cinye ta. Yana juyawa da gudu, yana kwashe ƙarfe fiye da kima, yana kuma ɗumama bakin. Idan ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, to zafi ya kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Injin nan na adda ne da gatari.

Nemi dutsen wasa na hannu mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. Jiƙa shi, ka ɗora a kan tsumma don kada ya zame. Kwantar da ruwan wuƙar, sannan ka ɗaga bayanta kamar digiri 20. Idan faɗin ruwan santimita ɗaya da rabi ne, ɗagawar kamar milimita 5 ce. Tura ta daga gindi zuwa tsini kamar mai son feshe ɓawon dutsen. Nan ne mutane suke kuskure: suna juya gefe da wuri. Tsaya a gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da babban yatsa, daga baya zuwa baki, ka ji wani ɗan ƙaiƙayi ya taso tun daga gindi har tsini. Shi ne shaidar ka kai ga bakin. Sai ka juya ka yi haka, ka koma fuska mai laushi da hannu sassauƙa, sau goma kowane gefe. A ƙarshe ka goga ta a bayan tsohon bel na fata, kana janta da baya, don ƙaiƙayin ya fita. Idan ka bar shi, shi ne zai lanƙwashe a yankan farko ka ce wuƙa ta dakushe. Kwali kuwa yana cin kaifi ƙwarai, saboda haka ka riƙa goga ta a fatar kullum da yamma.

Tambaya: Wuƙata Opinel ce mai ƙotar katako. Da damina ta shigo sai ta ƙi buɗuwa, kuma tana tsatsa. (Wata malamar makaranta, Maraɗi)

Amsa: Malama, wuƙarki lafiyarta ƙalau. Tun 1890 ake ƙera irinta a yankin Savoie na Faransa, kuma halinta ke nan: katakon ya sha laima ya kumbura, ya matse ruwan. Ki tabbata zoben kullewa, wato ƙarfen da ke juyawa a wuyan ƙotar, a buɗe yake, ki ƙwanƙwasa ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin zai leƙo. Ki bar ta a buɗe ta sha iska kwana biyu, kada ki ƙara tsoma ta a ruwan wanke-wanke. Tsatsar tana nuna taki ta baƙin ƙarfe ce, wadda ta fi saurin ɗaukar kaifi amma ba ta jure jiƙa. Duk lokacin da kika yanka lemo ko albasa, ki share ta ta bushe nan take. Duhun da take yi a hankali ba lahani ba ne, jar tsatsa ce abin gudu. Ɗigo ɗaya na man keke a mahaɗar ya isa. Man gyaɗa yana daskarewa ya kama ƙura, ranar hunturu sai ki ji tana ƙara kamar an zuba yashi.

Tambaya: Ina son fara tara wuƙaƙen aljihu. Da wanne zan fara, kuma zan iya tafiya da ita Umara? (Wani mai karatu, Kumasi)

Amsa: Alhaji, fara da waɗanda suka yi suna da aiki. Akwai Okapi mai zobe a baya, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Akwai Victorinox ta Suwizalan mai almakashi da mabuɗin gwangwani. Jabunta ya yi yawa, don haka duba sunan kamfanin a gindin babban ruwan, ka kuma rufe ta ka ji ta faɗa da ƙarfi, ƙat, ba tare da girgiɗi ba. Wadda za ka adana ka shafe ta da mai, kada ka bar ta a kuben fata, domin fata tana riƙe laima.

Batun tafiya kuwa, saka ta a babbar jakar da za a auna. Idan tana aljihu ko jakar hannu, a wurin bincike za ka rabu da ita.