Kuben bindigar aiki: wane iri ya kamata ɗan ɗamara ya saya?

Saƙon farko na wannan mako daga wani matashin ɗan sanda ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ga abin da ya rubuto: "Kawu, an ba ni ƙaramar bindiga ta aiki, amma kuben da ta zo da shi na ƙyalle ne, maɓallinsa ya saki. Yawancin aikina cikin cunkoso ne, a Babbar Kasuwa da tasha da wuraren taro. Wani abokina ya nuna mini kuben roba na jaka 8 da aka kawo daga Kano, wai mai kulle uku ne. Tsorona kada kulle ya yi yawa in kasa zarowa ranar da nake bukata. In saya?"

Ƙanena, kada ka saya tukuna. Tsoron da kake ji daidai ne, amma akwai wanda ya kamata ya riga shi zuwa zuciyarka. Mai kaki yana ɗauke da bindigarsa a fili, kowa na ganinta. Kai da kake kutsawa tsakanin ƴan dako da ƴan kabu-kabu, kana raba faɗa, kana riƙe wanda ba ya son a riƙe shi, hannun da zai miƙo daga bayanka shi ne abin da aka ƙera irin wannan kube dominsa. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Kantu ya san yadda ake cafko ɗamarar mutum kafin ya ankara. Kama mai laifi ma sau da yawa kokowar ce, sai dai babu alƙali mai busa usur.

Wannan maganar ta matakan kulle ta fito ne daga Amurka. Wani tsohon jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, mai suna Bill Rogers ya kafa kamfanin ƙera kube a shekarun 1970, daga baya kamfanin Safariland ya saye shi a 1985. Gwajin da ya fito da shi mai sauƙi ne: a sa bindigar da babu harsashi a kube, wani ya kama ta ya yi ta fizga ta kowace fuska har daƙiƙa 5. In ba ta fita ba, kuma mai ita ya iya zaro ta bayan haka, kuben ya ci mataki na 1. Sai a buɗe kullen farko a sake gwadawa, in har yanzu tana riƙe, ya hau mataki na gaba. Abin lura shi ne babu wata hukuma ta duniya da ke tilasta wa kamfanoni bin wannan ƙidaya. Wani kamfanin yana ƙirga matsewar roba kawai a matsayin mataki, don haka rubutun "mataki na 3" a jikin leda ba ya tabbatar maka da komai.

Ga mai aiki irin naka, ni abin da nake so shi ne kube mai kulle biyu, dukkansu babban yatsa ne ke buɗe su. Misalin da aka fi sani shi ne Safariland 6360. Yana da wani murfi da ke rufe bayan bindiga, sai ka danna shi ƙasa ka tura gaba, sannan akwai kulle na ciki da ke cafke bindigar a ramin da kwanson harsashi ke fita. Wannan na cikin shi ne na fi ƙauna, domin da zarar ka mayar da bindiga yana kama ta da kansa. Ka tuna lokacin da kake son sa wa mutum ankwa, hannu ɗaya na riƙe da shi, ba ka da sararin neman maɓalli. Wanda ya zo daga baya ko daga gefe kuwa, hannunsa ba ya sauka a inda babban yatsanka ke sauka.

Akwai wani iri kuma da ya cika kasuwa, wanda ake danna maɓallinsa a gefe da ɗan'ali, wato yatsan da ke jan kunama. Asalinsa SERPA ne na kamfanin Blackhawk, kuma kwaikwayonsa ya fi na ainihi yawa a wajenmu. Wasu makarantun koyon harbi a Amurka sun hana shiga da shi saboda dalili biyu: mutum in ya firgita yakan ci gaba da danna yatsan har bindiga ta fito, yatsan ya zarce kan kunama, harsashi ya sami cinyarsa, sannan tsakuwa ko yashi kan shiga ƙarƙashin maɓallin ya ƙi dannuwa. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunya, wannan na biyun kaɗai ya ishe ni in ce ka bar shi.

Game da na jaka 8 ɗin, mai yiwuwa irin wanda ake yi wa bindigogin wasa ne. Daga nesa kamar na gaske, amma wurin da yake maƙale da ɗamara shi ke fara karyewa, sai a tafi da bindiga da kuben gaba ɗaya. Ka gwada shi kafin ka biya. Cire gidan harsashi, ja saman bindigar baya ka duba cikinta da ido da yatsa, sake dubawa, sannan ka ɗaura shi a ɗamarar aikinka ka sa abokin nan naka ya fizga ta gaba da baya da sama. Ka tabbata kuma an ƙera shi ne don ainihin samfurin bindigarka: na Glock 17 ba ya yi wa Beretta 92, kuma wanda aka ce yana ɗaukar kowace bindiga ba ya riƙe ko ɗaya yadda ya kamata. Kunama ta kasance a rufe ruf. Kafin duk wannan, ka tambayi shugabanka ko an yarda ka canza kuben da aka ba ka.

Batun jinkirin zarowa kuwa, maganinsa horo ne. Da bindiga marar harsashi, ka fuskanci bango mai kauri, ka riƙa zarowa a hankali sau 20 ko 30 kullum, a tsaye da zaune da durƙushe, har yatsan ya haddace hanya. Wajen mayarwa kada ka yi gaggawa, ka kalli bakin kuben, domin gefen riga in ya shiga tare da bindiga yana iya jan kunama.

Wani jami'in tsaro da ke sintiri a kan babur tsakanin Madarunfa da Ɗan Isa ya tambaya ko ya koma kuben da ake ɗaurawa a cinya, saboda rigar sulke na tokare masa bindiga.

Malam, matsalar taka gaskiya ce, amma ba sai ka sauka har cinya ba. Akwai mariƙi da ke sauke kube kaɗan ƙasa da ɗamara ya kuma ɗan nisanta shi da jiki, yawanci wannan ya wadatar. Na cinya yana lilo in kana gudu, yana karkacewa in ka zauna a babur, yana kuma kwasar ƙura fiye da na ƙugu. In dole ne, ka ɗaure shi can sama yadda hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba. Ka ƙara da igiyar da ke haɗa gindin bindiga da ɗamara. Girgizar hanya na kwance ƙusoshin kube, saboda haka ka riƙa taɓa su duk mako. Ka wanke cikin kuben da ruwa ka shanya a inuwa, kada ka zuba masa mai, mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Kada kuma ka bar kuben roba a cikin mota a rufe cikin zafin Afrilu, akwai robar da ke lanƙwasa.

Wata baiwar Allah kuma ta ce maigidanta jandarma ne, tana son ta sa baduku ya ɗinka masa na fata a matsayin kyauta.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Dukawanmu gwanaye ne, kuma fatar jan akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai saboda laushinta. To laushin nan shi ne illarta a wannan aiki: zufa da zafi na sa bakin kuben ya saki, ya lanƙwashe ciki wajen kunama, ga shi babu kulle sai maɓalli ɗaya. In kina son aikin baduku, ki sa a yi masa jakar takardu ko ta ankwa. Kuɗin kuben kuwa ki damƙa masa a hannu, shi ya san samfurin bindigarsa da hannun da yake harbi da shi, dama ko hagu, kuma shi ne zai gwada kafin a biya.