Me ya sa hotona ke fitowa baƙi idan na murɗa kyamara zuwa M?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Canon 2000D ta hannu, da lensi 18-55, ina ɗaukar hotunan biki da suna. A kan oto ba laifi, amma da na murɗa zuwa M sai hoto ya fito baƙi ƙirin ko fari fat. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kyamararka lafiyarta lau. A kan M, wato manuwal, ta sakar maka ragama ce, ta bar maka abubuwa uku da a da ita ke zaɓa: afaca, shata da ISO.

Afaca ita ce ƙofar da haske ke shiga ta cikin lensi, kuma lambobinta a juye suke: f/4 ƙofa ce babba, f/16 'yar mitsitsiya. Daga f/4 zuwa f/5.6, zuwa f/8, zuwa f/11, kowane taki yana rage rabin hasken. Babbar ƙofa kuma ita ke dusashe abin da ke bayan amarya. Shata labule ne da ke buɗewa ya rufe. 1/1000 na daƙiƙa ƙiftawa ce, tana tsayar da doki a hawan Sallah, 1/30 kuwa ko rawar hannunka sai ta ɓata hoton. ISO yana ƙara wa hoto haske, amma kamar ƙure sautin rediyo ne, murya na ƙaruwa, shuuu ɗin ma na ƙaruwa, sai hoto ya yi tsaki-tsaki. A 2000D, ɗan tayan da ke kusa da maɓallin ɗauka shata yake canzawa. Idan afaca kake so, danne maɓallin Av da ke baya sannan ka murɗa. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa.

Ina kyautata zaton ka bar ta ne a kan lambobin tsakar rana ka shiga zaure, shi ne baƙin. Farin kuma akasin haka. Ka ɗan taɓa maɓallin ɗauka ba tare da ka danne shi duka ba, ka leƙa: akwai ma'auni mai sifili a tsakiya, ragi a hagu, ƙari a dama. Yi ta murɗawa har alamar ta zo tsakiya.

Sai dai ma'aunin nan ba a bin sa ido rufe, kuma a bikinmu ne ya fi yaudara. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. To ga ango cikin farar shadda mai ɗaukar ido, abokai biyar sun kewaye shi, su ma fari. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta ce a rage haske. Shadda ta koma toka-toka, fuskar ango kuwa ta nutse, sai haƙora. Maganinsa ka bar alamar ta wuce sifili zuwa +1, ka ɗauka, ka faɗaɗa hoton ka duba: fuska ta fito? Aikin wuyan rigar yana nan bai ƙone ba? Idan zaren ya ɓace cikin fari, ka ɗan dawo baya. Ni fuska nake fifitawa, don ba a taɓa kawo mini ƙarar riga ba. Ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi karɓar gyara a kwamfuta.

Da rana tsaka, tsofaffin masu hoto suna da ƙa'ida: f/16, 1/100, ISO 100. Daidai take da f/8 da 1/400, wanda na fi so. A ɗakin taro fara da 1/125, buɗe ƙofa iyakarta, ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200 ba tsoro. Ka tuna lensinka f/3.5 yake bayarwa a 18mm, da ka zuƙo zuwa 55mm sai ya koma f/5.6, hasken ya ragu fiye da rabi ba ka sani ba. Idan ka ga ratsi-ratsi ko launi na canzawa ƙarƙashin fitilu, sauka zuwa 1/100, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa. Da filashi kuma kada ka wuce 1/200.

Ba kowane lokaci ne ma M ta dace ba. Inda haske ke canzawa, kamar rakiyar amarya daga ɗaki zuwa mota, murɗa kyamara daga M zuwa Av: kai ka zaɓi ƙofa, ita ta zaɓi shata. A Nikon da Sony harafin A ake rubutawa. Ƙwararru ma suna yi, ba abin kunya ba ne.

Kafin biki na gaba, ajiye buta a tsakar gida da la'asar. Ɗauke ta a f/5.6, sannan f/8, sannan f/11, duk takin da ka rufe ƙofa ka rage saurin shata da rabi. Hasken hotunan uku zai zo ɗaya, bangon da ke baya ne zai riƙa fitowa sarai. Idan kuɗi suka samu, nemi lensi 50mm f/1.8, shi zai fisshe ka a ɗakin amarya.